Gora Tara a Firjin Alhaji

Dokar ɗakin Alhaji Labaran guda ɗaya ce: ba a shigo da giya. Sauran abubuwa duk ana sasantawa. Ka yi minshari, ka soya kifi da tsakar rana, ka bar takalminka a bakin ƙofa yana wari, Alhaji zai yi tsaki ya wuce. Amma giya, ko gwangwanin da babu komai a ciki ne, ranar za ka ɗauki jakarka. An taɓa yi. Wani Chamsou ya yi shekara biyu a gadon sama, aka tsinci gwangwani ɗaya a ƙarƙashin katifarsa. Ya rantse na abokinsa ne. Alhaji bai yi masa faɗa ba. Ya taya shi sauke akwati har ƙasa, ya tsayar masa da tasi.

Gadon Chamsou ɗin ne Nafiou ya samu.

Fulat ne ɗan ƙarami a hawa na uku, cikin wani tsohon gini a unguwar Al Buteen ta Dubai: ɗaki ɗaya, kicin, banɗaki. Su uku ne a ciki. Alhaji Labaran Bakano ne, yana sayen kayan waya yana turawa gida a kago, wato ta jirgin kaya, kuma sunansa ne a takardar haya. Oumarou Badamagare ne, direban babbar mota mai jan kwantena. Sai Nafiou ɗan Maraɗi, mai jera kaya a wani sito a Jebel Ali.

Kamfanin su Nafiou yana da masaukin ma'aikata dab da siton. Mutum goma a ɗaki, kuma ba a yarda ka kunna ko risho ba. Ya yi wata takwas a can. Da ya ji labarin gado a wajen Alhaji, ya yarda ya riƙa yin tafiyar awa ɗaya da rabi kullum, zuwa da dawowa, don kawai akwai kicin.

Nafiou ba mai yawan magana ba ne. Ba ya kallon ƙwallo, ba ya zaman hira a shagunan kago na Port Saeed inda sauran Hausawa ke taruwa. Abin da ya sa a gaba shi ne haɗa abin sha. A wajen gwaggonsa Zalika ya koya, mai sayar da zoɓo a tashar Maraɗi. Ita nata iri ɗaya ne tun yana goye: zoɓo, citta, kanumfari, sukari. Shi kuwa ranar da ya fara shiga kasuwar kayan yaji ta Deira sai da ya tsaya ya riƙe ƙugu. Buhunan busasshen furen wardi, baƙin lemun tsami, za'afaran, wani fure shuɗi da Farisawa ke dafawa kamar shayi, dabino kala-kala. Tun daga nan, duk Lahadi, ranar hutunsa, sai ya sauka da 'yar jaka ya dawo ya rufe kansa a kicin.

Ba ya sayarwa. Oumarou ya sha ce masa ya buɗe sana'a, yana cewa in ya fara sayarwa dole ya riƙa yin abin da mutane ke so. Wani lokaci haɗin ya yi, wani lokaci ya ƙi. Ranar da ya haɗa mangwaro da baƙin lemun tsami, Alhaji ya kurɓa sau ɗaya, ya ajiye kofin, ya tambaye shi ko ya yi masa wani laifi ne.

Na wannan karon ya daɗe yana saƙa shi a zuciya. Ya dafa zoɓon da citta, ya bari ya huce. Sannan ya zuba furen wardi, da dabino da ya farfasa, da ɗanyar abarba har da ɓawonta. Waɗannan bai dafa su ba, don kada wuta ta kori ƙanshin. Ya sa sukari bai yi rowa ba. Ya ɗura a gorunan ruwa guda tara, ya ɗaure murafen tam, ya jera su a firji. Nufinsa su yi kwana shida cikin sanyi, furen ya saki ƙanshinsa a hankali.

Kwana shidan kuwa ba shi ya zaɓa ba. Jiragen ruwa biyu ne suka iso lokaci ɗaya, aka ce duk ma'aikatan sito su kwana a masauki har a gama sauke kaya. A makon kuma Oumarou ya ja kwantena zuwa Oman. Alhaji ne na ƙarshen fita, ranar Litinin da safe, zai je Gwanzu ta ƙasar Sin sayayya ya dawo Lahadi da azahar. Watan Agusta ne.

Ranar Lahadin, wajen sha ɗaya na safe, Nafiou ya haɗu da Oumarou a kan matakala.

"Mon frère, ka rame," in ji Oumarou. "Can ba sa ba ku abinci ne?"

"Suna bayarwa."

"To yalla, buɗe mana. Tun daga kan iyaka nake tunanin zoɓon nan naka."

Da ƙofar ta buɗe, zafi ya buge su kamar an buɗe tandar burodi. Oumarou ya jefar da jakarsa ya nufi makunnin esi. Nafiou ya wuce kicin kai tsaye, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya ja ƙofar firjin.

Fitilar ciki ba ta kama ba. Iska mai ɗumi ta fito, da wani wari mai zaƙi-zaƙi da tsami. Gorunan duk sun kumbura. Gindinsu ya turo waje har sun kasa tsayuwa, sun jingina da juna. A cikin kowace, guntayen abarba suna hawa suna sauka su kaɗai, kumfa ta taru a wuya.

Oumarou ya leƙo ta kafaɗarsa, ya shaƙa.

"Na san wannan warin."

"A ina ka san shi?"

"Ni direba ne. Ina wucewa ta wurare." Ya sake shaƙa. "Nafiou, wannan ba bisap ba ne kuma, ya tashi daga zoɓo. Wannan ya yi girma, ya bar gidan ubansa."

Nafiou ya durƙusa ya leƙa bayan firjin. Filogin yana ƙasa. An naɗe wayarsa tsaf, har an ɗaure da roba. Ya tashi ya duba sauran: butar lantarki, dutsen guga, cajar waya, duk an zare, duk an naɗe. Babu wanda ke naɗe waya haka sai mutum ɗaya.

Sun san halin. Alhaji ya yi shekara goma sha ɗaya a Dubai, amma hannunsa bai bar Kano ba. Ko masallaci zai sauka sai ya zare dutsen guga ya taɓa shi ya ji. In tafiya ce ta kwanaki, sai ya bi soket ɗaya bayan ɗaya, don kada a ɗauke wuta a dawo da ita da ƙarfi ta ƙone kaya. Abin da ya sa ba su taɓa damuwa ba, kullum akwai wanda ya rage a ɗakin. Wannan ne karon farko da duk suka watse.

Nafiou ya zauna a kan bokiti. Ya ciro waya ya kira Rodel, wani ɗan Filifin mai tuƙa foklif, motar ɗaga kaya, a sitonsu, wanda ya taɓa ba shi labarin yadda kakarsa ke sarrafa 'ya'yan itace a ƙauyensu. Da Turancin sito ya yi masa bayani: sukari, abarba, kwana shida, zafi. Ya tambaye shi ko akwai yadda za a mayar da abin baya.

Rodel ya yi dariya har da tari. Ya ce baya kuma? Ai ya dace ne. Mutane suna sayen yis, suna sayen kwalabe na musamman, su yi wata guda suna gadi, abin ya ƙi. Shi karon farko, ba da niyya ba, ya samu. Ya ce ya tace, ya sauya gora, ya ƙara masa sati uku zai kwanta ya yi garau. Kuma don Allah ya ajiye masa ɗaya.

Nafiou ya kashe wayar.

"Me ya ce?"

"Ya ce barka."

Oumarou ya dubi agogo. "Bon. Jirgin Alhaji yana sauka ƙarfe ɗaya. Kafin ya karɓi kaya ya hau tasi, biyu ta yi. Mu zubar da su a banɗaki, mu wanke goruna, mu kunna turaren wuta. In ya tambaya, ka ce ni na shanye. Zai yarda."

Shawarar ba ta yi wa Nafiou daɗi ba, amma bai da wata. Oumarou ya zaro gora ɗaya. Da yake ta yi gumi kuma gindinta ya zama kamar ƙwai, ta suɓuce masa, ta daki ƙasa, ta gangara har ƙofar kicin. Ya bi ta ya ɗauko ya miƙa wa Nafiou.

"Shwaiya shwaiya, a hankali," in ji shi.

Nafiou ya murɗa murfin kaɗan. Ya ji tsss. Ya ƙara kaɗan.

Murfin ya bar hannunsa, ya daki silin. Jan ruwa ya bi shi a tsaye kamar an fasa famfo. Nafiou ya so ya toshe bakin da tafin hannu, sai ruwan ya rabu ya fesa ko'ina: bango, labule, fuskar Oumarou, da farar jallabiyar Alhaji ta Juma'a da ke rataye a bayan ƙofa cikin gugarta. Da abin ya lafa, rabin gorar babu. Furen wardi ya manne a silin yana ɗigowa ɗaya-ɗaya.

Oumarou ya tsaya baki a rufe gam, idanu a rufe, yana lalube. Sai da ya wanke fuska sau uku a famfo sannan ya yi magana.

"Ban haɗiye ba. Ka zama shaida."

"Na gani."

"Voilà. Saura takwas."

Suka ɗauko soso da omo. Zoɓo a kan farin fenti ba ya fita, Nafiou ya san haka tun yana yaro. Duk inda suka goga sai jan ya koma ruwan hoda ya ƙara faɗi. Jallabiyar kuwa da suka jiƙa ta sai ta koma shuɗi-shuɗi. Oumarou ya kunna turaren wuta, warin ya haɗu da na turaren ya zama wani abu na uku wanda ya fi na farkon muni.

Sha biyu da rabi ta wuce. Nafiou ya ajiye soson. Ya durƙusa bayan firjin, ya kwance robar, ya warware wayar.

"Me za ka yi?" in ji Oumarou.

"Zan jona."

"Kar ka taɓa. Wannan ita ce shaidarka. Ya shigo ya ga firigo a zare da naɗin hannunsa, khalas, magana ta ƙare."

Nafiou ya tsaya da filogin a hannu. Gaskiyar Oumarou ce. Amma ya hango kansa tsaye gaban mutum sa'an babansa, wanda ya ba shi gado bai san shi ba bai san danginsa ba, yana nuna masa soket da yatsa yana cewa kai ne. Bakinsa ba zai iya ba. Kuma shi ma ya san nasa. Gwaggo Zalika ba ta taɓa barin zoɓo ya kwana biyu ba, wanda ya rage da yamma rabar da shi take yi. Shi ne ya cika gora tara da sukari da ɗanyar abarba ya tafi ya bar su.

Ya jona. Firjin ya yi gurnani ya kama.

"Kai dai ɗan Maraɗi," in ji Oumarou, "kunya ce za ta mayar da kai ɗakin mutum goma."

Nafiou ya kwashe goruna takwas ɗin ɗaya-ɗaya, yana riƙe da kowace kamar jariri, ya kwantar da su a kwamin banɗaki. Ya yi wanka, ya sauya kaya, don bai yarda ya yi sallah da waɗanda abin ya taɓa ba. Ya yi azahar. Sannan ya hau gadonsa ya sauko da jaka. Kayansa ba su da yawa. Abin da ya ci wuri shi ne ledojin fure da matacinsa da babbar tukunya. Tukunyar ta ƙi shiga jaka, ya ɗora ta a kai.

Biyu da kwata suka ji ƙarar akwati a kan matakala.

Alhaji Labaran ya yi sallama ya shigo, gajere, mai furfura a gemu, hula a karkace saboda barcin jirgi. Ya ajiye akwatin. Hancinsa ya motsa. Ya dubi bango, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya dubi jallabiyarsa a cikin bokiti. Daga ƙarshe ya dubi jakar da tukunya a kanta.

"Wa aka yanka?" in ji shi.

Oumarou ya buɗe baki, Nafiou ya riga shi.

"Alhaji, sannu da hanya. Zoɓon da na haɗa ne ya lalace. Ya zama giya. Gora tara ne, ɗaya ta fashe, takwas suna banɗaki."

"Giya."

"E."

"A ɗakin nan."

"E, Alhaji."

Alhaji ya je ƙofar banɗaki ya leƙa, bai shiga ba. Ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, fuskarsa babu fushi, kuma wannan ne ya fi tayar wa Nafiou hankali, don an ce haka take ranar Chamsou.

"Ka sha?"

"A'a."

"Kai fa?"

"Ta shigar mini hanci," in ji Oumarou, "amma ban gayyace ta ba."

Alhaji bai yi dariya ba. "Nafi'u, ni na ɗauke ka yaron kirki. Har yanzu ma ban ce ba haka ba ne. Amma zoɓo ba ya zama giya don kansa a cikin firji. Shekarata hamsin da bakwai ina shan zoɓo. Ko ka sa wani abu, ko wani ya koya maka wani abu a wajen aikin nan naku."

Nafiou ya sunkuyar da kai. "Zafi ne ya shige shi."

"Zafi. A firji." Alhaji ya girgiza kai. "Ka san dokar ɗakin nan. Ban sauya wa Chamsou ba, kuma shi gwangwani ɗaya ne, babu komai a ciki. In na sauya maka, na zalunce shi. Bari in yi sallah, sai in taya ka sauke kaya."

Oumarou ya harari Nafiou, ya yi masa nuni da ido wajen firjin. Nafiou ya kawar da kai.

Alhaji ya cire hula ya rataye, ya naɗe hannun riga. Kafin ya shiga alwala, sai ya fara abin da yake yi duk ranar da ya dawo daga tafiya, ba tare da ya yi tunani ba. Ya warware wayar butar lantarki ya jona. Ya jona cajar waya. Ya dafa bango, ya sunkuya bayan firjin yana nishi, ya miƙa hannu yana lalube a ƙasa. Bai samu komai ba. Ya leƙa.

"Wa ya jona wannan? Ai na zare shi."



Oumarou ya gyara tsayuwa. Tsakanin Damagarawa da Kanawa akwai wasa tun na kakanni, abin da ɗan Maraɗi ba zai iya faɗa wa Alhaji ba, shi yana da lasisinsa.

"Ranka ya daɗe, kunnena ya toshe da hanya. Me ka ce ka yi?"

Alhaji yana nan a sunkuye. Ya ɗan jima a haka. Sannan ya miƙe a hankali, hannu a ƙugu.

"Na ce na zare."

"Yaushe?"

"Litinin."

"Litinin. Yau Lahadi. Watan Agusta, taga a rufe." Oumarou ya ƙirga da yatsu, ya nuna wa silin. "To Nafiou ya kawo sukari, Bakano ya kawo wuta. Ni dai a garinmu wanda ya hura wutar shi ake kira mai dahuwa."

"Na duba ciki kafin in zare," in ji Alhaji. "Babu nama, babu madara. Ruwa ne kawai da zoɓo."

"Voilà."

"Kai ba ka san komai ba. Firji biyu na rasa a Kano. Biyu. Ɗaya sabo fil, ko ledarsa ba a gama cirewa ba. Aka ɗauke wuta muna ƙauye wajen biki, aka dawo da ita da ƙarfi, muka tarar da shi yana hayaƙi."

"Allah ya jiƙansa. Shekararka nawa a Dubai?"

"Sha ɗaya."

"Sau nawa aka ɗauke wuta?"

Alhaji ya ce, "Ba a san ranar da za a fara ba."

Dariya ta ƙwace wa Oumarou har ya zauna a kan akwatin Alhaji. Nafiou ya cije leɓe, ya ƙura wa tayil ido.

Alhaji ya juyo gare shi. "Kai ka jona?"

"E."

"Ka ga a zare, ka ga naɗina, ka mayar. Na tsaya a nan ina ce maka ka sa wani abu, ka yi shiru. Da na sauke ka ƙasa na tsayar maka da tasi fa?"

"Da na hau."

"Don me?"

Nafiou ya ce, "Ni na bar shi kwana shida, Alhaji. A gida ba a yin haka."

"Ban tambaye ka gida ba." Alhaji ya ja kujera ya zauna. Ya shafa gemu. "Wannan ba kunya ba ce, wauta ce. Da ka sa na ɗauki alhakinka ina ganin na yi daidai. Gobe in ka ga na yi kuskure ka faɗa mini. Ka faɗa da ladabi, ba irin na wannan ba, amma ka faɗa."

"To, Alhaji."

"Yanzu dai doka doka ce," in ji Oumarou yana share hawaye. "Wanda ya yi giya a ɗakin nan ya fita. Ku biyu ne. Ni zan riƙe fulat ɗin, in Allah ya so zan kula da shi."

"Tashi daga kan akwatina."

Bayan Alhaji ya yi sallah, aka zo maganar goruna takwas. Oumarou ya ce ya taɓa ji a wa'azi cewa in aka bar irin wannan ya juye da kansa ya zama khal, ruwan tsamin nan da ake sa wa salak, to ya halatta. Me zai hana a tura su ƙarƙashin gado a ba su wata biyu?

"Ba zan kwana ɗaki ɗaya da shi ina jiran ya tuba ba," in ji Alhaji. "A zubar."

Wannan karon Nafiou ya yi dabara. Ya cika babban bokiti da ruwa, ya nutsa gorar a ciki, ya murɗa murfin a ƙarƙashin ruwan. Sai dai aikin na mutum biyu ne, don gorar tana ƙoƙarin tasowa. Alhaji ya tuɓe rigarsa ya rage singileti, ya ɗaura tawul a hanci, ya durƙusa ya danne ta da hannu biyu. Ruwan ya yi ta tafasa yana ja. Oumarou yana bakin ƙofa yana ba da umarni, babu wanda ke sauraronsa.

A gora ta biyar Alhaji ya ce ta cikin tawul, "Wannan furen mene ne?"

"Wardi."

"Da dabino?"

"Da abarba."

"Da ba a zare ba, yaya zai kasance?"

Nafiou ya dubi furen yana juyawa a bakin magudana. Sati uku ya yi yana tunanin haɗin nan, har ya san ɗanɗanonsa a ka.

"Ban sani ba, Alhaji. Karon farko ke nan."

Suka gama ta takwas. Nafiou ya wanke kwamin da omo sau biyu, ya matse gorunan ya ɗaure a baƙar leda. Alhaji ya wanke hannu har gwiwa, ya sake wankewa, ya shinshina, ya sake.

"Lahadi mai zuwa ka sake yi," in ji shi. "Gora uku. A sha a ranar."

"To."

"Kuma ka ɗauke tukunyar nan daga kan hanya, mutum zai yi tuntuɓe."

Nafiou ya mayar da tukunyar kicin. Ya ɗaga jakar ya cilla ta gadon sama, bai tsaya kwance ta ba. Alhaji ya riga ya sa wata riga yana neman hularsa, ya ce zai sauka wajen Ba'indiyen nan mai kayan gini kafin la'asar ya samo fenti da buroshi, Oumarou ne zai yi silin tun da ya fi kowa tsawo da surutu.

"Ni da ban zare ba, ban haɗa ba?"

"Kai ka yar da gorar," in ji Nafiou.

Oumarou ya juyo ya dube shi. "Yanzu bakinka ya buɗe?"

Nafiou ya ɗauki baƙar ledar ya bi bayan Alhaji zuwa ƙasa.